Fudin Madam Doris da Abin da Ke Cikin Hulata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da wata tsohuwar Baturiya ta sa na tuɓe hula a gaban mutane a birnin Alƙahira ba. Ko na so in manta ma matata ba za ta bari ba, don duk sanda na fara kafa mata hujja a gida sai ta kalli kaina ta ce, “To Malam, hular nan fa, me ke ciki yau?” Sai in nemi hanyar masallaci.

Lokacin ina shekara ta uku a jami'a, ina zaune a unguwar Darrasa, mu huɗu a ɗaki guda a saman shagon wani mai ɗaure littattafai. Cikin duk darussanmu babu wanda ya shiga raina kamar manɗiƙi, wato ilimin jera hujja: ka kafa magana ta farko, ka ɗora ta biyu, sakamako ya faɗo da kansa. Babi uku ko huɗu na karanta kaina ya kumbura. Mai wake na bakin layinmu ma bai tsira ba, na taɓa tsare shi ina tabbatar masa da hujja cewa ludayinsa ya ƙanƙance. (Ya saurare ni har na gama, ya ce “Tamam,” wato to madalla, ya zuba mini daidai yadda ya saba.)

Inna Sakina ce ta samo mini aiki. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. A kasuwa muka haɗu, ta ji ina mita da Hausa a kan tsadar busasshiyar kuɓewa, ta juyo ta ce, “Kai ɗan wane gari ne mai ƙorafi haka?” Ita ce ke dafa wa wata Baturiya abinci a unguwar Mohandessin, kuma Baturiyar tana neman wanda zai riƙa yi mata karatu saboda idonta ya yi rauni.

Baturiyar ita ce Madam Doris. Tun tana budurwa ta zo Masar, ta auri wani likita Bamisire da kowa ke kira Doktor, ta zauna da shi har Allah Ya karɓi ransa. Larabcinta na 'yan kasuwar Alƙahira ne tsaf, sai dai ta hanci yake fitowa. Sau biyu a mako nake zuwa in karanta mata jarida da tsofaffin littattafan marigayi Doktor, ita kuma tana katse ni tana musu da marubutan kamar suna zaune a falon. “Ya Sheikh” take kirana, ban kuma taɓa sanin ko girmamawa ce ko tsiya ba. In mun gama Inna Sakina ta ajiye mini faranti, wata rana shinkafa da miyar lalo irin ta Masarawa, wata rana kuma, in ta ga idona ya faɗa, tuwo da miyar kuɓewa, wanda Madam ma take ci da cokali mai yatsu. Ni kuwa aljihuna ba ya rabuwa da busasshen dabino mai arha. Shi nake tauna a mota, in na iso in zube ƙwallayen a wani ɗan farantin tokar sigari na marigayin. Har yau in na ji ƙanshin kirfa da tsohuwar takarda sai falon nan ya dawo mini, da hasken la'asar a kan labulensa.

Abu guda ne ya hana Madam sukuni, shi ne ɗanta Karim da ke zaune a Ingila. Tun ranar da ya ji ta saka makullin gida a firji, wata rana kuma ta bar gas a kunne, ya ɗaura niyyar ɗauke ta ya kai ta gidan kula da tsofaffi kusa da shi. Ita kuma ta ce ko kusa. “A nan na binne mijina,” in ji ta. “Na san sunan kowane mai gadi da kowace kyanwa a layin nan. Can me zan je yi, kallon ruwan sama?” A ƙarshe suka yi yarjejeniya: zai zo bikin Kirsimeti ya gani da idonsa. In ya ga kanta daidai yake, ya ƙyale ta. In ya ga akasin haka, ta haɗa kaya.

Wata Lahadi wajen ƙarshen Nuwamba na iso na tarar da su a kicin, gaban wani ƙaton kwano. An zuba zabibi, da garin burodi, da ƙwai, da ɓawon lemu, da kirfa, da baƙar zumar rake, sannan (a nan na ɗan ja da baya) da kitsen saniya da aka gurza. Kitse da sukari a kwano ɗaya! Madam ta ce sunan abin fudin, kuma a ƙasarsu sai ya yi wajen wata guda a rataye kafin a ci shi ranar biki. Ta ce can da giya ake jiƙa shi, amma ita tun da ta auri Doktor ta koma baƙin shayi da ruwan lemu.

“Kowa na gidan sai ya juya,” ta ce, ta miƙo mini muciya. “Ina gabas, ya Sheikh?”

Na nuna mata.

“To daga gabas za ka juyo zuwa yamma. Rufe ido. Ka yi buri a zuciyarka, kuma kar ka faɗa wa kowa.”

Na rufe ido na juya, na roƙi Allah Ya fid da ni jarrabawar nahawu. Da na buɗe ido, Inna Sakina ta ba mu baya tana fama da tukunya a kan wuta. Madam ta buɗe wani ɗan gwangwani ta fito da abubuwa uku: ƙaramar kwandala ta azurfa da ta ce ta mahaifiyarta ce, da zobe, da maɓalli. Ta naɗe kowanne a takarda, ta danna su cikin kwaɓin da babban yatsa. Daga nan aka juye shi a farin ƙyalle, aka ɗaure bakinsa tam da zare, aka dafa shi yini guda, aka kai shi ɗakin ajiya mai duhu aka rataye. Har nan ban kawo komai a raina ba, sai dai farin ƙyallen ya ɗan tsaya mini a rai.

Mako na zagayowa na ga wata takarda a kan teburin falo. An ja layuka a tsaye da a kwance, an yi gida-gida. A sama an zana zobe, da kwandala, da maɓalli. A gefe an jera sunayen mutane da manyan baƙaƙe, kuma ga nawa nan a ciki, ɓaro-ɓaro. Na faki idon Madam (abin da ba wuya) na ɗauki hoton takardar da waya.

Da na koma Darrasa na nuna wa Lawwali, abokin ɗakina ɗan Gusau. Lawwali ya taso maƙwabcin wani malamin tsibbu, saboda haka yake ɗaukar kansa gwani a wannan fanni. Ya ƙura wa wayar ido, ya yi salati.

“Hatimi ne,” ya ce. “Wallahi hatimi ne, irin wanda ake zanawa in za a yi wa mutum aiki. Ta sa ka taɓa wani abu da hannunka?”

Na ba shi labarin muciya, da gabas, da farin ƙyalle. Ya dafe kai da hannu biyu.

“Kai da kanka ka juya? Ido rufe? Khalas, shi ke nan, malam, an gama da kai. Ɗanta ya guje ta, madadi take nema. Mallake ka za ta yi, ka manta hanyar Najeriya.”

Da ni mai hankali ne, da dariya na yi na ɗauki littafin nahawu. Amma ni ɗalibin manɗiƙi ne, don haka na zauna na jera hujja. Magana ta farko: duk abin da aka binne wa zobe da ƙarfe, aka naɗe a farin ƙyalle, aka rataye a duhu, aka kuma zana masa hatimi da sunan mutum, asiri ne. Magana ta biyu: fudin an yi masa duk wannan. Sakamako kuwa ko yaro ya san shi. Na ma samo ƙarin shaida. Inna Sakina ta yi shekara da shekaru a gidan ba ta taɓa maganar komawa Sudan ba, ke nan aikin ya ci ta tuntuni, tambayarta ba ta da amfani. Shaidar da ta fi tsorata ni kuwa a jikina take. Na lura ina ɗokin ranakun zuwa Mohandessin fiye da kima. Na lura na taɓa yin mako ban kira Hajiyarmu a waya ba, amma da mura ta kama Madam kasa karatu na yi. Na tambayi kaina, me zai sa ɗan Musulmi daga Katsina ya damu da tarin wata tsohuwar Baturiya in ba aiki aka yi masa ba?

Lawwali ya ce maganin abin shi ne a raba ƙarafan da kwaɓin. Na jira ranar da Inna Sakina ta tafi kasuwa, Madam kuma ta kishingiɗa bayan azahar. Na lallaɓa ɗakin ajiya da tsinken tsire da ƙaramin cokali, bakina ɗauke da duk addu'ar da na haddace. Na sauko da ƙunshin na kwance. Abin ya yi baƙi ƙirin, ya daskare, yana wani ƙanshi mai tayar da yunwa. Na riƙa soka tsinke ta ƙasa har na ji ƙarfe, na haƙo su ɗaya bayan ɗaya. Sai ga ramuka uku sun buɗe baki suna kallona. Na laluba aljihu, na ɓare dabinona, na jiƙa shi da ruwa na murje, na cike ramukan na shafe, na mayar da ƙulli yadda yake. Ban ankara ba sai na ji yatsana a bakina. Na lashe! (Kuma, Allah Ya yafe mini, ban taɓa ɗanɗana abu mai daɗinsa ba.) Na fito ina tofe-tofe ina karanta Falaƙi da Nasi.

Umarnin Lawwali shi ne in jefa su a kogin Nilu. Na sauka daga mota a kan gada, na tsaya na ɗaga hannu, sai na tuna yadda ta shafa kwandalar nan lokacin da ta ce ta mahaifiyarta ce. Hannu ya ƙi sakin kaya. Maimakon in gane cewa tausayi ne irin na kowane ɗan Adam, sai na ce a raina, ka ga ƙarfin aikin ko? Na yanke shawarar in riƙe su har ranar biki, in faki ido in jefa su a aljihun teburin kicin. Lawwali ya rantse ba za su kwana a akwatin kowa a ɗakinmu ba, saboda haka na ƙulle su a tsumma na cusa a naɗin hulata ta ciki. Makonni na yi ina yawo a Alƙahira da gadon wata Baturiya a tsakar kaina.

Ranar biki na je, duk da Lawwali ya yi ta jan kunnena. (Na ba shi hujjojin kyautata wa maƙwabci, amma gaskiyar magana na ji labarin za a gasa talo-talo.) Mu shida ne a tebur: Madam, da Karim wanda ya sauka shekaranjiya, da Inna Sakina, da ni, da Ustaz Fu'ad, wani tsohon injiniya aminin marigayi Doktor, da uwargidansa. Na yi ta neman hanyar shiga kicin, Inna Sakina ta tare ƙofa ta ce yau ni baƙo ne, in je in zauna. Aka raba mana wasu hulunan takarda masu launi kamar na sarauta a wasan yara, kowa ya saka. Ni na ɗora tawa ja a saman hulata, don ba abin da zai sa in tuɓe ta.

Madam ta yi kyau ranar. Ta tuna sunan kowa, ta tuna wanda ba ya cin gishiri, ta gyara wa Ustaz Fu'ad wani labari da ya ba da a karkace. Ina ganin Karim yana satar kallonta, fuskarsa na sakewa a hankali. Aka ci talo-talo aka yi nak. Sannan aka ja labule, Inna Sakina ta shigo da fudin a faranti, an kafa masa kyandir da wani ɗan ganye a ka, kowa na tafi.

Sai Madam ta raba wa kowa takarda da fensir. Na duba tawa. Hatimin ne. Kowa da nasa, har Inna Sakina.

“Ya Sheikh sabo ne, bari in yi masa bayani,” in ji Madam. “Wasan Doktor ne, shi ya ƙirƙiro shi. A ƙasarmu wanda ya tsinci kwandala zai yi arziki, mai zobe zai yi aure, mai maɓalli zai ƙara shekara a tuzuru. Doktor ya ce wannan ya yi sauƙi. Don haka a gidan nan duk wanda ya tsinci abu sai ya ɓoye ya yi shiru. In an gama ci, a yi ta yi wa juna tambaya, amsa i ko a'a, kana soke gidajen da ba su yiwuwa har ka gano wa ke da me. Doka ɗaya ce: ba a ƙarya. Ai kai ɗan manɗiƙi ne, yau za mu ga aiki.”

A cikin daƙiƙa guda duk ginin da na yi makonni ina yi ya rushe, ya bar ni da tsumma a ka.

Aka yanka fudin aka cinye shi tas, kowa na tauna a hankali yana kallon na kusa da shi. Madam ta kai cokali na biyu ta ɗan tsaya, ta ce, “Kamar ina jin dabino.” Karim ya ce, “Zabibi ne, Mama,” da irin muryar da ake lallashin yaro. Ta ci gaba da ci.

Aka fara tambayoyi. Uwargidan Ustaz Fu'ad ta tambayi mijinta ko abin da ya samu yana da huji. Ya ce a'a. Karim ya tambayi Inna Sakina ko haƙorinta ya ci karo da wani abu. Ta ce a'a. Ustaz Fu'ad ya juyo kaina ya ce, “Kai fa, ya ibni, ɗana, ka tsinci ƙarfe?” Na ce, “A cikin rabona? A'a.” (Ku lura da gwaninta. Ban yi ƙarya ba. A lokacin har wani ɗan alfahari na ji.) Aka zagaya, aka sake zagayawa, fensir na ta aiki, har ta kai kowa ya soke duk gidajen takardarsa.

Ustaz Fu'ad ya cire tabarau ya ce, “Jama'a, lissafin bai fita ba. Abu uku, mutum shida, babu wanda ya samu, kuma farantin ga shi nan fayau. Ko dai wani ya haɗiye su duka uku bai sani ba, ko wani ya karya doka, ko kuma...” Sai ya kama goge tabarau.

Karim ne ya ƙarasa masa. Ya dafa hannun uwarsa ya ce, “Ma'alish, yi haƙuri, Mama. Ba komai. Mantuwa ce.”

“Na saka,” in ji Madam. “Na tuna na saka. Sakina?”

Inna Sakina ta sunkuyar da kai. “Wallahi, Madam, ina wajen tukunya. Ban gani da idona ba.”

“Ya Sheikh yana wurin.”

Na ce, “Ta saka. Na gani.” Karim ya yi mini murmushin godiya, irin na wanda ya gane ana rufa wa tsohuwa asiri ne. Ya ce, “Na gode, kana da kirki.” Sannan ya juya ga uwarsa a hankali ya ce, “Makulli, gas, yanzu kuma kwandalar Kaka. Mama, mun yi alkawari.”

Madam ta sa hannu ta cire hular takardarta, ta ninke ta biyu, ta sake ninkewa. Ban taɓa ganin tsufanta ba sai a wannan lokacin. Tausayinta ya kama ni har cikin ƙashi, kunya kuma ta danne ni a kujera. Ina so in ce muku nan take na miƙe kamar namiji na faɗi gaskiya. Abin da ya faru shi ne hannuna ya kama hanyar hula, ya tsaya a kunne, ya kama susa.

“Tsaya,” in ji Madam. Ta ajiye takardar. “Dabino.”

“Mama...”

“Yi mini shiru, Karim, ban yi tawa tambayar ba. Fudin uwata babu dabino a cikinsa, ban taɓa sakawa ba, kuma yau na ci dabino. Ke nan wani ya buɗe shi bayan an dafa. Ba kai ba ne, shekaranjiya ka zo, ƙullin kuma ya riga ya bushe. Ba Fu'ad ba ne, shi da matarsa ba su san inda ɗakin ajiyata yake ba. Ba Sakina ba ce, ciwon suga ya raba ta da dabino, ko sayensa ba ta yi. Saura mutum ɗaya da ke cika mini farantin Doktor da ƙwallaye.” Ta juyo da idanun nan nata marasa ƙarfi ta saita ni daidai. “Kuma da Fu'ad ya tambaye shi, bai ce a'a kawai ba, cewa ya yi a cikin rabonsa. Ya Sheikh, ga tambayata, kuma ba a ƙarya. A jikinka fa?”

Na cire jar hular takarda. Na cire tawa. Na zaro tsumman na kwance a kan tebur, kwandala ta gangara ta je ta daki kofin Karim ta kwanta.

Da sata suka zarge ni da ita, ina jin da abin ya zo mini da sauƙi. Amma Ustaz Fu'ad, injiniya ne, sai da ya nemi dalili. Ni kuma doka ta hana ni ƙarya. Haka na tsaya, kai ba hula, na yi wa mutum biyar bayanin hatimi da Larabcin jami'a, na kawo magana ta farko, na kawo ta biyu. Da na zo kan shaidar Inna Sakina sai ta saki salati da Hausa.

“Ni ce asiri ya ci? Ni? Don ubanka, albashi ake biyana, kuma ina son matar!” Ta kaɗa mini adikon tebur a ƙeya.

“Amma me ya tabbatar maka aikin ya kama ka?” in ji Ustaz Fu'ad, yana danne dariya da ƙyar.

Na rasa ta inda zan zille. Na ce, “Saboda na ga ina son zuwa gidan nan. In ba ta da lafiya ba na iya karatu. Na ga kamar... kamar kakata ce. Na ce ruwa ba...” Na tsaya ina murza hula.

Sai kafaɗun Madam suka fara rawa. Ta yi dariya har ta kifa kai a tebur, ta ɗago da hawaye shaɓe-shaɓe, ban san wanne na dariya ba ne wanne na wani abu daban. Kowa ya fashe, har Karim, wanda ya daɗe yana kallon uwarsa kafin ya miƙa hannu ya warware hular takardarta ya mayar mata a ka. Bai sake ta da maganar tafiya ba, a ranar ko bayanta.

“To, ya Sheikh,” in ji Madam tana share ido, “tun da kai ka samu duka ukun, bana za ka yi arziki, za ka yi aure, kuma za ka zauna tuzuru. Yalla, maza warware mana wannan da manɗiƙinka.”

Da na kira Hajiyarmu na ba ta labari, ina jiran ta tausaya mini, sai da ta gama dariyarta sannan ta ce, “Kai yanzu wutsiyar ragon layya da nake ratayewa har ranar cika-ciki, ita ma asiri nake yi muku? Nakiyar da nake ajiyewa wata da watanni fa? Ka je ka ba baiwar Allah haƙuri da kyau.” Lawwali kuwa har muka gama karatu yana nan a kan bakansa, wai dai a yi hattara.

Na ƙara juya fudin sau biyu a gidan kafin in dawo gida, daga gabas zuwa yamma, ido rufe, Inna Sakina na tsaye a kaina da ludayi wai tana gadin ƙarafa. Madam ta ci gaba da zamanta a Mohandessin, da kyanwoyinta da masu gadinta, har ranar da Karim ya kira ni ya ce an kwantar da ita a ƙasar da ta zaɓa. Kwandalar tana wurinsa. Maɓallin kuwa ni ta ba ranar da na je sallama, ta ce in riƙe don kar in yi gaggawar aure. Yana nan ɗinke a cikin naɗin hulata, kuma shi matata take nufi.

Yanzu ni ke koyar da manɗiƙi a wata makaranta a Katsina. Duk shekara in na zo babin jera hujja nakan gaya wa ɗalibaina cewa in suka ga hujjarsu ta jeru sumul, ba ko tangarɗa, to su ajiye alƙalami su je kicin su yi tambaya tukuna. Kuma in suka ji zuciyarsu ta karkata ga wanda yake ciyar da su yana sauraronsu, kar su wahalar da kansu neman wanda ya yi musu aiki. Ni na nema, na kuma same shi: tuwo ne da miyar kuɓewa, da wata tsohuwa mai ce mini ya Sheikh.